Ilimin Lissafin Kuɗi: Harshen da Jama'a Ke Fahimtar Dukiya da Shi

 Wannan bayani ne a kan ilimin lissafin kuɗi, wanda 'yan boko ke kira aikin akanta. Mun shirya shi domin ma'ajin masallatai da ƙungiyoyi, da 'yan kasuwarmu na Ashanti New Town da sauran unguwannin Zangon Kumasi, da kuma ɗalibanmu da ke karanta fannin kasuwanci.

Ma'anarsa

Lissafin kuɗi shi ne rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita daga wata dukiya, da kasa shi gida-gida, da taƙaita shi a cikin rahoto bisa ƙa'idojin da aka yi ittifaƙi a kansu, ta yadda wanda bai halarci cinikin ba zai karanta ya gane halin da dukiyar take ciki. Masana na kiransa harshen kasuwanci, domin yana da kalmominsa da nahawunsa kamar kowane harshe. Bahaushe da mutumin Ashanti da Bamoshe da Bafaranshe, kowa da yarensa, amma in aka ajiye musu rahoton kuɗi da aka tsara bisa ƙa'ida, abu guda za su fahimta.

Amfanin harshe yana ga yarda da ma'anar kalma. Muna da misali a gabanmu. A watan Yuli na 2007 Babban Bankin Ghana ya sauya kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Har yau akwai iyayenmu da in sun ce miliyan ɗaya, sidi 100 suke nufi. Idan dattijo ya ce yana bin wani miliyan biyar, ya rasu ba a rubuta ba, 'ya'yansa da aka haifa bayan sauyin suna iya ɗaukar maganar a kan wani adadi da ya ninka na gaskiya sau 10,000. Irin wannan saɓani ne lissafin kuɗi ya zo ya kawar: a rubuta adadi, da irin kuɗin, da kwanan wata, da sunan mai bi da wanda ake bi.

Kalmomi biyar da komai ke komawa gare su

Kadara ita ce duk abin da kasuwancin ya mallaka mai ƙima: tsabar kuɗi, kuɗin banki da na waya, hajar da ke shago, firiji da sikeli, da bashin da yake bin mutane.

Bashi, a nan, shi ne abin da wasu ke bin kasuwancin: kayan da aka karɓo ba a biya ba, rancen da aka ci, kuɗin haya da lokacinsa ya yi.

Jari shi ne rabon mai dukiya, wato abin da zai rage masa in aka biya duk masu bin bashi daga kadarar.

Kuɗin shiga shi ne abin da aka samu ta hanyar sayar da kaya ko yin aiki, ko an karɓa hannu da hannu ko an bayar bashi.

Kuɗin ɗawainiya shi ne abin da aka ɓatar domin a samu wancan kuɗin shiga: kuɗin sarin kayan da aka sayar, haya, wuta, dako, ladan yaron shago, haraji.

Daga ukun farko ake samun ma'aunin da dukan ilimin ya ginu a kansa: kadara daidai take da bashi a haɗa da jari. Daga biyun ƙarshe kuma ake samun riba ko asara: a cire ɗawainiya daga kuɗin shiga, abin da ya rage shi ne riba, in kuwa ɗawainiya ta rinjaya an faɗi.

Rubutu sau biyu

Kowane ciniki yana taɓa wuri biyu. In ka sayi buhun shinkafa, kuɗinka ya ragu, hajarka ta ƙaru. In ka ci rance, kuɗinka ya ƙaru, bashin da ke kanka ma ya ƙaru. Saboda haka akanta ke rubuta kowane ciniki sau biyu, sau ɗaya a gefen hagu da ake kira debit, sau ɗaya a gefen dama da ake kira kiredit. In aka tara gefen biyu dole jimlarsu ta zo ɗaya. In ba ta zo ɗaya ba, an san akwai kuskure, sai a koma a nemo shi.

Ga misali da muka tsara domin fahimta. Wata mai sayar da shinkafa da man girki ta fara da jarinta sidi 20,000, yayanta ya ranta mata 5,000. Ta saro kaya na 18,000, saura 7,000 a hannunta. A cikin wata ta sayar da kayan da ta saro a kan 10,000, ta sayar da su 12,500. An biya ta 10,500, ana riƙe da 2,000 bashi. Ta biya haya da wuta da 'yan dako 900, ta ɗebi 600 ta yi cefanen gida.

A ƙarshen wata tsabar kuɗin hannunta 16,000 ne. Wanda bai san lissafi ba zai ga kuɗi ya tashi daga 7,000 zuwa 16,000 ya ce ta ci ribar 9,000. Ribarta ta gaskiya kuwa 1,600 ce, wato 12,500 a cire 10,000 na sari da 900 na ɗawainiya. Sauran abin da ke hannunta uwar kuɗi ce da ta dawo daga haja. Mu gwada da ma'auni: tsaba 16,000, sauran haja 8,000, bashin da take bi 2,000, jimlar kadara 26,000. Bashin yayanta 5,000. Jarinta 20,000 a ƙara riba 1,600 a cire cefane 600, ya zama 21,000. Bashi 5,000 da jari 21,000 sun ba da 26,000 cif. Da ta ɗauka 9,000 riba ce ta kashe a biki, da ta cinye sama da kashi ɗaya cikin uku na jarinta ba ta sani ba. Ta wannan ƙofa shaguna da yawa ke mutuwa alhali ciniki na tafiya.

Asalinsa a Musulunci

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta yi umarni da a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, marubuci ya rubuta da adalci, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, in ba zai iya ba waliyyinsa ya yi a madadinsa, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba. Ta sassauta a kan cinikin hannu da hannu. Ayar da ke bi mata ta kawo jingina ga matafiyin da bai samu marubuci ba. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, wasu kamar Imam Ɗabari suka ce wajibi ne.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani sahabi da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo ya yi masa hisabi. Da mutumin ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Annabi ya hau mumbari ya yi gargaɗi mai tsanani a kan haka. Wannan shi ne tushen binciken ma'aikaci a kan dukiyar jama'a, aikin da odita ke yi a yau.

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya kafa diwani, rajistar da ake rubuta sunayen masu haƙƙi a baitulmali da rabon kowa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa daga cikin dalilan kafa kalandar Hijira har da wata takardar bashi da aka kawo masa an rubuta za a biya a Sha'aban, ya tambaya wane Sha'aban ake nufi, na bana ko na bara ko na baɗi. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya mayar da rubutun diwanai zuwa Larabci, ya kuma buga dinarin Musulunci a shekara ta 77 bayan Hijira, mai nauyin misƙali ɗaya, kimanin giram 4.25. Alƙali Abu Yusuf ya rubuta Kitabul Haraj domin Halifa Haruna Rashid, Abu Ubaid kuma ya rubuta Kitabul Amwal, dukansu a kan shigar dukiyar gwamnati da fitarta.

Alƙaluman da muke lissafi da su a yau daga Indiya suka fito, Musulmi suka yaɗa su. Leonardo Fibonacci, ɗan wani ma'aikacin 'yan kasuwar Italiya, ya koye su a garin Bijaya na Aljeriya, ya bayyana su a littafinsa na 1202. 'Yan kasuwar biranen Italiya suka bunƙasa tsarin rubutu sau biyu tun wajen 1300, sannan Luca Pacioli ya buga cikakken bayaninsa a birnin Benis a 1494. Shi ya sa Turawa ke kiransa uban wannan fanni, ko da yake abin da ya tarar ana yi ne ya rubuta.

A ƙasar Ashanti da Zango

Kafin zuwan Turawa, garin zinariya ne kuɗin Ashanti. Ana auna shi da ƙananan ma'aunai na tagulla da ake kira abrammuo, mai saye da nasa, mai sayarwa da nasa, sai ma'aunan biyu sun yi daidai ciniki ya faɗa. Masu bincike sun nuna cewa wani sashe na waɗannan ma'aunai a kan misƙalin Musulunci aka gina shi, ta hanyar fataken Wangara da suka daɗe suna cinikin zinariya da arewa. Turawan Ingila biyu da suka zo Kumasi, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da al'ummar Musulmi a birnin, da malamai masu rubuta wa fada wasiƙu da Larabci.

Kakanninmu fataken Gwanja, waɗanda ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga neman goro, su ma suna da ma'aunansu da kowa ya sani: ƙwaryar goro 100 ce, keson wuri 20,000 ne. Sunan sidi da muke kashewa tun 1965 daga kalmar Akan ta wuri aka samo shi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa Kete Karachi da Yeji da Kintampo da Accra da Kumasi, jirgin ƙasa kuma ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, Zango ya cika ya batse. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a Kano a 1955, yana cikin waɗanda suka yi fataucin goro a wannan ƙasa a farkon rayuwarsu.

Wata masaniya, Polly Hill, ta buga bincike a 1966 a kan masu masauki da dillalai, har da mahautan Kumasi. Ta nuna yadda baƙon da ya koro shanu daga arewa ke sauka gidan maigida, a sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya a matsayin lamuni. Baƙo bai san mahauci ba, mahauci bai san baƙo ba. Sanin maigida na wanda ke biya da wanda ba ya biya shi ne ke riƙe da kasuwar. Aikin da rahoton kuɗi ke yi wa banki da mai zuba jari a yau ke nan: ya ba baƙo dalilin amincewa da wanda bai sani ba.

Rahotannin da ake fitarwa

Na farko shi ne rahoton matsayin dukiya. Yana nuna kadara da bashi da jari a rana guda, galibi ranar ƙarshe ta shekara. Na biyu shi ne rahoton riba da asara, mai nuna kuɗin shiga da ɗawainiya na tsawon wata ko shekara. Ƙungiyar da ba riba take nema ba, kamar masallaci ko makaranta, tana kiran nata rahoton shiga da fita, abin da ya rage kuma rara ne ko giɓi. Na uku shi ne rahoton zirga-zirgar tsabar kuɗi, domin kasuwanci na iya cin riba a takarda ya kasa biyan haya saboda kuɗinsa duk yana hannun masu cin bashi. Akan haɗa su da ƙarin bayani a kan yadda aka ƙiyasta haja da yadda aka rage darajar mota ko inji saboda tsufa.

Masu tsare ƙa'idar

A duniya, hukumar IASB da ke Landan, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke fitar da ƙa'idojin IFRS da ƙasashe sama da 140 ke amfani da su. Ghana ta karɓe su a 2007, Nijeriya ta fara a 2012. A 2009 an fitar da sassauƙan tsari domin ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Maƙwabtanmu Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa, da kuma Nijar, suna bin tsarin SYSCOHADA. Don haka mai kawo albasa daga Galmi ko tumatir daga Burkina ya riƙa rubuta farashin canjin sefa da sidi na ranar da aka yi cinikin, domin a nan ne yawancin gardama ke tashi. Cibiyoyin kuɗi na Musulunci kuma suna da hukumar AAOIFI da aka kafa a Bahrain a 1991.

A cikin gida, cibiyar ICAG ce ke horar da akantoci da ba su lasisi. An kafa ta da doka mai lamba 170 a 1963, aka sabunta ta da doka mai lamba 1058 a 2020. Dokar Kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, ta wajabta wa kamfani ajiye littattafan kuɗi da fitar da rahoton shekara da miƙa bayanansa ga ofishin rajistar kamfanoni. Ƙungiyar addini da ta yi rajista a ƙarƙashin wannan doka ita ma wajibin ya hau kanta. Hukumar haraji ta GRA, wadda aka kafa a 2009, da littafin ɗan kasuwa take aiki. Wanda ba shi da littafi sai a yi masa ƙiyasi, kuma ba shi da hujjar musu.

Inda ibada ke buƙatarsa

Zakka: nisabin zinariya misƙali 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595, abin fitarwa kuma ɗaya cikin arba'in, wato kashi 2.5 cikin ɗari. A mazhabar Imam Malik, ɗan kasuwa mai jujjuya haja kullum, wanda ake kira mudiri, zai ƙiyasta hajarsa kowace shekara da farashin ranar, ya haɗa da tsabar kuɗinsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire bashin da ke kansa bisa tafsilin da malamai suka yi. Kanta da firiji da sikeli ba sa shiga. Wanda abin da ya rage masa ya kai nisabi, a ce sidi 200,000 ne, zai fitar da 5,000. Ƙimar nisabi da sidi tana sauyawa da farashin zinariya da azurfa, sai a tambayi malamai a lokacin fitarwa.

Gado: ba a raba dukiyar mamaci sai an yi masa sutura, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa a cikin sulusi. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya bar littafi ya sauƙaƙa wa magadansa, ya kuma kuɓutar da wuyansa.

Ƙiradi: in wani ya ba da jari wani ya yi aiki, riba ake rabawa bisa kason da aka yi sharaɗi, asara kuma a kan mai jari take matuƙar mai aiki bai yi sakaci ko ƙetare iyaka ba. Ba yadda za a san ribar da za a raba sai an fitar da uwar kuɗi da ɗawainiya a rubuce.

Asusun masallaci da ƙungiya

Kuɗin Juma'a da na gini da na marayu amana ce. Ga abin da ya kamata kowane kwamiti ya tsare. Mutum biyu ko uku su ƙirga kuɗin akwati tare, su sa hannu a take. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutawa daban. Asusun banki da lambar MoMo su kasance da sunan masallaci, fitar da kuɗi kuma sai da sa hannun mutum biyu. Kowace fita da rasidinta. Zakka da waƙafi da abin da aka tara domin wani aiki na musamman a ware su, kada a biya kuɗin wuta da kuɗin marayu. Duk wata a gwada littafi da takardar banki, a liƙa taƙaitaccen rahoto a allon sanarwa, duk shekara kuma wani wanda ba ya cikin kwamiti ya bincika.

Wasu na ganin neman rahoto daga ma'aji rashin yarda ne da shi. A gaskiya rahoton kariya ce ga mutuncinsa, domin zato zunubi ne, kuma gani ya kori ji. Ma'ajin da ya karanta wa jama'a lissafinsa ya toshe bakin masu tsegumi, jama'ar da ta ga inda kuɗinta ya tafi kuma hannunta ya fi sakuwa. Haka ma masu adashi da masu zubin susu: kati a hannun mai zubi, littafi a hannun mai karɓa, a riƙa gwada su.

Iyakarsa

Harshe na iya ɗaukar gaskiya, yana iya ɗaukar ƙarya. Littafi na iya daidaita gefe biyu alhali adadin da aka zuba na bogi ne. Daga 2017 zuwa 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin bankuna da dama, a watan Mayu na 2019 kuma ya soke na ƙananan cibiyoyin ba da rance 347, mutane da yawa kuɗinsu ya maƙale. Darasin da ke ciki shi ne, kafin mu ajiye kuɗi a wani wuri mu tambayi lasisinsa da rahotonsa da aka bincika, mu kuma guji mai alƙawarin ribar da hankali ba zai ɗauka ba. Sannan akwai abin da alƙalami ba ya aunawa: albarka, da halaccin hanyar samu, da haƙƙin ma'aikaci. Rahoto na iya nuna riba mai yawa wadda riba ce ta haram. Wannan sai tsoron Allah.

Ga ɗalibanmu

Ana fara wannan karatu a sashen kasuwanci na sakandare, a rubuta shi a jarrabawar WASSCE, a ci gaba a jami'ar KNUST ko Jami'ar Fasaha ta Kumasi ko wasunsu, sannan a bi jarrabawar ICAG mataki-mataki har a zama cikakken akanta. Muna kira ga 'ya'yanmu maza da mata da ke wannan fanni su haɗa shi da babin ciniki da zakka da gado a littattafan fiƙihu, su kuma fara gwada iliminsu a shagon mahaifiyarsu da asusun makarantar unguwarsu. Ɗan kasuwar da bai yi boko ba kuma ya samu littafi guda, ya rubuta da ajami ko da boko, ya raba aljihun shago da aljihun gida, ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka duk wata.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya ba mu ikon tsare amana, Ya sauƙaƙa mana hisabi ranar da za a buɗe littattafai. Allah ne Mafi sani.